Ku Tambaye Mu: Windows daga zamanin DOS zuwa yau

Yawancin wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kan Windows ne, babbar manhajar da ke tafiyar da akasarin kwamfutocin ofisoshinmu da makarantu da shagunan buga takardu. Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10 tambayoyi suka ƙaru. Mun taƙaita wasu, mun haɗe waɗanda suka zo iri ɗaya.

Assalamu alaikum. Me ya sa ajiyar kwamfuta ke farawa daga C? Ina A da B suka tafi? Sannan da gaske ne Bill Gates shi kaɗai ya ƙirƙiro Windows?
*Wani ɗalibi, daga Zariya*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A da B ba ɓata suka yi ba, an keɓe su ne ga wani abu da zamaninsa ya wuce. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a watan Agustan 1981, babu rumbun ajiya a cikinta. Rami ɗaya ko biyu gare ta na zura faifan fulofi, wani siririn faifai mai faɗin inci 5.25 da ke ɗaukar kilobait 160 kacal. Ramin farko shi ne A, na biyu B. A ɗaya ake sa faifan babbar manhaja, a ɗayan faifan aiki. Ko da rami ɗaya ne a injin, manhajar takan riƙe B duk da haka, ta riƙa cewa cire wannan faifai ka sa wancan. Da rumbun ajiya mai megabait 10 ya zo a samfurin XT a 1983, sai ya gaji harafin da ke biye, wato C. Daga nan aka rubuta dubban manhajoji bisa zaton cewa komai a C yake, ba wanda kuma ya yarda ya taɓa wannan tsari har yau.

Bill Gates kuwa ba shi kaɗai ya ƙirƙiro Windows ba. Shi kansa tsarin haruffan ba na Microsoft ba ne. Daga CP/M ya samo asali, manhajar da Gary Kildall ya rubuta a tsakiyar shekarun 1970. A 1980 wani injiniya mai suna Tim Paterson, a wani ƙaramin kamfani a birnin Siyatil, ya rubuta mai kama da ita don furosesar Intel 8086. Ita ce Microsoft ya saya a 1981, ya yi mata kwaskwarima, ya ba IBM. Inda Bill Gates da abokinsa Paul Allen suka yi dabara shi ne a yarjejeniya: sun riƙe 'yancin sayar da ita ga kowane kamfani da sunan MS-DOS. Da Compaq da ire-irensa suka fara ƙera kwamfutoci masu kwaikwayon ta IBM, kowa sai ya bi ta ƙofar Microsoft.

DOS baƙin allo ne da farin rubutu. Ka rubuta dir ka ga fayilolinka, ka rubuta copy ka kwafa. Sunan fayil ba ya wuce haruffa 8 da ƙarin 3 bayan ɗigo, kuma manhaja ba ta samun fiye da kilobait 640 na ƙwaƙwalwar aiki sai da dabaru. Tagogi da gumaka da linzamin da ake dannawa kuwa, a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya aka haɗa su tun shekarun 1970, Apple ya kai su kasuwa da Macintosh a 1984. Windows ta farko ta fito a Nuwamban 1985, kuma ba babbar manhaja ce mai cin gashin kanta ba: sai DOS ta tashi tukuna, ka rubuta win, sannan ta hau kai. Tagoginta ma ba sa hawa kan juna, jere suke. Ba ta yi kasuwa ba. Sai a 1990 da Windows 3.0 ta fito abin ya karɓu, 3.1 ta biyo baya a 1992 da salon rubutu irin su Arial da Times New Roman. Maɓallin Start da layin ƙasa da dogon sunan fayil har haruffa 255 duk Windows 95 ce ta kawo su kwamfutocin gida, ranar 24 ga Agustan 1995.

In kana son ganin ɓurɓushin DOS da idonka, gwada buɗe folda ka sa mata suna CON ko PRN. Za ta ƙi, domin tun wancan zamani sunayen na allo da firinta ne. Haka karkatacciyar sandar nan da ke bin bayan C da ɗigo biyu: da aka zo ƙirƙiro folda a DOS 2.0 an riga an ba ɗaya sandar wani aiki a cikin umarni, dole aka juya ta.

Ina koyon gyaran kwamfuta. Oga na yawan cewa ba a taɓa yin kamar XP ba, yana kuma tsine wa Millennium da Vista. Mene ne bambancinsu a ciki?
*Mai koyon gyara, daga Maraɗi*

Ogan naka yana da gaskiya rabi da rabi. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, tsawon shekara takwas Windows iri biyu ce ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, fuska ɗaya amma ciki daban.

Iri na farko shi ne na gida: 95, 98 da Millennium ta shekarar 2000. Duk kan DOS suke zaune. Ba su killace ƙwaƙwalwarsu da kyau ba, don haka manhaja ɗaya in ta yi kuskure tana iya rubutu a inda ba nata ba, ta kayar da kowa. Akwai kuma wasu ƙananan ma'ajiyoyi masu kilobait 64 da duk tagogi ke rabawa. In suka cika, ko RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, nawa gare ka sai kwamfuta ta fara shirme har sai ka kashe ka kunna. An ma gano cewa 95 da 98 kan daskare idan suka kai kwana 49.7 a kunne, saboda wani ma'aunin lokaci da ke cika. A nan wajenmu wutar lantarki ba za ta bari a kai ga gano wannan ba.

Iri na biyu shi ne NT. A 1988 Microsoft ya ɗauko Dave Cutler, wanda ya jagoranci gina babbar manhajar VMS a kamfanin DEC, ya ce ya gina sabuwa daga tushe. Ta fito a 1993. A cikinta kowace manhaja na da nata fili a ƙwaƙwalwa, ba ta isa ta tsallaka na wata ba, kuma cibiyar manhajar ce ke raba lokacin furosesa, ba sai mai aiki ya ga dama ya saki ba. Ta zo da asusun masu amfani, da izini kan kowane fayil, da tsarin ajiya na NTFS. Matsalarta a lokacin nauyi, da ƙin wasannin DOS, shi ya sa ta tsaya a bankuna da manyan ofisoshi.

XP, wadda ta fito ranar 25 ga Oktoban 2001, ita ce ta kawo NT cikin gida. Wanda ya baro Millennium ya shigo XP dole ya ga kamar an yaye masa ciwo. Amma a tuna, XP ɗin da ake yabo ita ce ta bayan gyara. Ta farkon a buɗe take: a 2003 tsutsar Blaster, wato bairos mai yaɗa kanta, a 2004 Sasser, suna shiga kwamfuta da zarar ta hau intanet ba tare da an danna komai ba. Sai da babban gyara na biyu, SP2, ya zo a Agustan 2004 ya kunna katangar tsaro tun daga farko.

Vista ta 2007 kuwa, a ganinmu, an zalunce ta. Ta sauya yadda direbobin hoto da sauti, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan inji, ke aiki, kamfanoni ba su shirya ba, firintoci da yawa suka zama kwalliya. An kuma sayar da ita a kan injuna masu RAM megabait 512, alhali ko gigabait 1 da ƙyar yake isarta. Ita ce ta fara tsayar da kai ta nemi izini kafin wata manhaja ta taɓa cikin tsarin, abin da ya ƙona wa mutane rai amma ya toshe babbar ɓaraka. Kafin Windows 7 ta iso a Oktoban 2009 direbobi sun nuna, RAM ya yi araha. A lambar cikin gida Vista ce 6.0, Windows 7 kuma 6.1. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani amfanin NT da ya shafi aikinka kai tsaye: NTFS na rubuta abin da za ta yi a wani ɗan kundi kafin ta yi shi. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, da an kunna sai ta duba kundin ta ƙarasa ko ta warware. Tsohon tsarin FAT ba shi da wannan, shi ya sa 98 ke tsayawa dogon bincike bayan kowace ɗaukewar wuta. Sai dai kundin tsarin ajiya yake karewa, ba rubutun da mutum bai adana ba. Idan kwamfuta ta fara baƙon hali bayan ɗauke wuta, buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni, da ikon mai gudanarwa ka rubuta chkdsk C: /f, ka amsa da Y, ka sake kunnawa.

Filashina gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki, amma bidiyon biki mai gigabait 6 ya ƙi shiga, wai fayil ya yi girma. Jabu aka sayar mini?
*Mai ɗaukar bidiyo, daga Kano*

Wataƙila ba jabu ba ne, Malam. Danna filashin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, ka duba layin File system. In ka ga FAT32, ga mai laifin nan. Wannan tsari ya fito a 1996, lokacin da rumbun ajiya gaba ɗayansa bai fi gigabait ɗaya ko biyu ba. Gurbin da aka ware don rubuta girman fayil bit 32 ne, babbar lambar da zai iya ɗauka ita ce bait 4,294,967,295. Duk fayil ɗin da ya kai gigabait 4 ba shi da wurin rubuta girmansa, ko da fili ya yi yawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwashe abin da ke ciki, ka yi masa fomatin ka zaɓi exFAT, tsarin da aka fito da shi a 2006 musamman don filashi da katin ajiya. Windows da Mac duk suna karanta shi suna rubutu a kai. Idan ba ka son goge komai, buɗe cmd ka rubuta convert E: /fs:ntfs, ka sa harafin filashinka a madadin E. Wannan ba ya share fayil, amma ba a komowa FAT32 sai da fomatin, kuma Mac karanta NTFS kawai yake yi.

Ka tambayi mai bikin da me zai kalla. Tsofaffin talabijin da rediyon mota da yawa FAT32 kaɗai suka sani. Ga irinsu gara ka yanka bidiyon gida biyu, kowanne ƙasa da gigabait 4. In kuwa ka sauya tsarin, fayil ya shiga amma ya ƙi buɗuwa ko ya tsaya a tsakiya, to a nan ne za ka zargi filashin da ƙaryar girma.

Mun ƙara RAM zuwa gigabait 8 amma kwamfutar na nuna 3 da 'yan kai ne kawai ke aiki. A ɗaya kwamfutar kuma, sabuwa, tsohuwar manhajar lissafin kuɗin makarantarmu ta ƙi tashi.
*Wata shugabar makaranta, daga Gusau*

Hajiya, matsalolin biyu tushensu ɗaya. Windows ta ratsa zamani uku: bit 16 na DOS da 3.1, bit 32 daga NT da 95, sai bit 64 da ya bazu a zamanin Windows 7. Mai bit 32 ba ta iya ƙirga wuraren ajiya fiye da gigabait 4, kuma daga ciki ake yankar wa katin hoto da sauran sassa rabonsu. Abin da ke saura yakan kama tsakanin 3 da 3.5. Ragowar RAM ɗin da kika saya yana nan lafiya, ba a dai ganinsa ne.

Ki shiga Settings, System, About, ki karanta layin System type. Idan ya ce manhajar 32-bit ce a kan x64-based processor, injin zai ɗauki mai bit 64. Ba a hawa daga wannan zuwa wancan ta hanyar sabuntawa, sai an ɗora sabuwa fil. A kwashe fayiloli zuwa wani wuri, a tanadi filashi mai aƙalla gigabait 8, a haɗa shi da Media Creation Tool na Microsoft, a tayar da kwamfutar daga filashin. A Dell da Lenovo yawanci F12 ke kawo jerin zaɓin, a HP kuma F9. Lasisin da ke kai yana aiki ga duka biyun. Kafin a fara, a tabbatar firinta da sikana suna da direba mai bit 64, domin direba mai bit 32 ba ya shiga ko kaɗan.

Tsohuwar manhajar kuwa, Windows mai bit 64 tana tafiyar da manhajojin bit 32 ba matsala. Su ne ke zama a foldar Program Files mai ɗauke da x86 a sunanta. Abin da aka cire mata shi ne sashen da ke tafiyar da na bit 16. Idan taki ta zamanin DOS ce ko 3.1, ko kuma mai girka ta ne tsoho haka, ba za ta tashi ba. Ki fara gwada Properties, Compatibility, ki zaɓi XP, ki kuma sa alama a gudanar da ita da ikon mai gudanarwa. Wannan yana yaudarar manhajar ne game da sigar Windows, kuma yakan wadatar ga na bit 32. In bai yi ba, ta DOS a sa ta cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, ta Windows kuma a girka XP cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, a rufe mata intanet. Shawararmu dai, da zarar ta buɗe a fitar da bayanan zuwa Excel, domin lissafin makaranta bai kamata ya dogara da manhajar da babu mai gyara ta ba.

An ce Windows 10 ta mutu. Kwamfutocin shagona na hannu ne, Core i7 ma, amma Windows 11 ta ƙi hawa. In zubar da su ke nan?
*Mai shagon buga takardu, daga Kaduna*

A'a, Alhaji, ba ta mutu ba, kuma kada ka zubar da komai tukuna. Abin da ya faru ranar 14 ga Oktoban 2025 shi ne an daina aiko mata da gyaran tsaro na kyauta, kamar yadda aka yi wa XP a Afrilun 2014 da Windows 7 a Janairun 2020. Za ta ci gaba da tashi tana aiki. Haɗarin a hankali yake taruwa: duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna. An ga misalinsa a Mayun 2017, lokacin da bairos ɗin WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila. Microsoft ya buɗe wa masu amfani na gida shirin ƙarin gyara mai suna ESU na shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026, ga masu siga 22H2.

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman RAM gigabait 4, ajiya gigabait 64, tsarin tashi na UEFI, ɗan guntun tsaro TPM 2.0, da furosesa mai bit 64 daga zuriya ta 8 ta Intel ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. A nan 'yan kasuwa ke rikita mutane da sunan i7. Lambar da ke bayan sunan ce abin dubawa: i7-4770 zuriya ta 4 ce ta 2013, ba ta cancanta ba, alhali i3-8100 ta cancanta. Mai sayen kwamfuta ta hannu yau, wannan lambar zai fara tambaya kafin kuɗi.

Idan furosesar ta kai amma har yanzu ana ƙi, sau da yawa saiti ne. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta tpm.msc. In ya ce bai ga TPM ba, shiga saitin BIOS, wanda ake buɗewa da danna maɓalli daidai lokacin kunna kwamfuta, F2 a Dell, F10 a HP, ka nemo TPM, ko PTT a injin Intel, ko fTPM a na AMD, ka kunna. Sannan ka rubuta msinfo32 ka duba BIOS Mode. In ka ga Legacy, to mai gyaran da ya ɗora maka Windows ya bi tsohon tsarin raba faifai na MBR, wanda ya samo asali tun 1983, mai iyakar manyan ɓangarori huɗu da terabait 2. Ana juya shi zuwa GPT ba tare da goge komai ba: a cmd mai ikon gudanarwa rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya amince ka maimaita da /convert a madadin /validate. Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya, faifai mai manyan ɓangarori fiye da uku, zai ƙi tun a gwaji. Na biyu, mantawa da komawa BIOS a sauya daga Legacy zuwa UEFI bayan an gama; kwamfutar za ta ce ba ta ga abin tashi ba, mutum ya zaci ya yi asara, alhali saiti ɗaya ne ya rage. Ka kwafe muhimman fayiloli kafin ka fara, ka kuma jona UPS.

Masu gyara za su ce maka Rufus, manhajar haɗa filashin ɗora Windows, na iya tsallake binciken. Gaskiya ne, yana yi. Amma Microsoft bai ɗauki alkawarin sabunta irin wannan kwamfuta ba, kuma babbar sabuntawar shekara-shekara ba ta zuwa da kanta. Injuna masu Core 2 Duo ma ko an tsallake binciken siga 24H2 ba ta tashi a kansu, saboda tana buƙatar wasu umarnin furosesa da babu su a ciki.

Ga shago irin naka, mu da za mu raba aikin. Wadda ake CorelDRAW da buga takardu da ita ta zauna a Windows 10 ɗinta, a cire ta daga intanet. Wadda ake cike fom da rajista da biyan kuɗi a kanta, ita ce ta cancanci a sauya da mai zuriya ta 8, ko a ɗora mata Linux Mint, wata babbar manhaja a madadin Windows, wadda kyauta ce, tana tafiya lafiya da RAM gigabait 4, tana kuma zuwa da Firefox da LibreOffice. CorelDRAW da Photoshop dai ba sa hawa kanta kai tsaye.

Duk lokacin da na kai filashina shagon firintin, foldodina sai su koma shortcut.
*Wata ɗalibar jami'a, daga Sakkwato*

Fayilolinki na nan, 'yar'uwa, ɓoye su aka yi. Windows 95 ta zo da tsarin da faifan CD ke tayar da manhaja da kansa da zarar an saka shi, masu ƙirƙirar bairos suka mayar da shi hanyar yaɗuwa ta filashi, musamman Conficker a 2008. Da Windows 7 ta toshe wannan ƙofa sai suka koma yaudara: su ɓoye foldarki ta gaskiya, su ajiye gunki mai sunanta, ke da kanki ki danna ki tayar da cutar.

Kada ki danna ko ɗaya. A kwamfuta mai tsabta ki bincike filashin da Windows Security, sannan ki buɗe cmd ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* da harafin filashinki a gurbin E. Umarnin tun na DOS ne, yana cire alamar ɓoyo daga kan komai. Ki goge gumakan bogin da duk wani fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js da ba ki san shi ba. In suka dawo nan take, kwamfutar ce ke ɗauke da cutar: a Task Manager a tsayar da wscript.exe, a kuma cire shi daga jerin masu tashi da kwamfuta. Nan gaba ki tura takardar a PDF ta imel ko WhatsApp, filashin ya zauna a jaka.

Kullum da dare ina kashe kwamfutata, amma mai gyara ya ce wai ta yi sati uku ba a kashe ba.
*Wani ma'aikaci, daga Damagaram*

Ku biyun duk kuna da gaskiya. Tun Windows 8 ta 2012, Shut down ba ya kashe komai: yana rufe manhajojinka, amma cibiyar tsarin da direbobi yakan adana su a faifai don a tashi da sauri. Direban da ya rikice jiya, a rikice zai tashi yau. Restart ne ke farawa daga tushe, ko ka riƙe Shift yayin danna Shut down. In kana son daina abin gaba ɗaya, ka cire alamar fast startup a Power Options cikin Control Panel.

Ina da tsofaffin rubuce-rubucen Hausa da na buga shekaru da suka wuce. Yanzu in na buɗe sai in ga }asa a madadin ƙasa, ]aya a madadin ɗaya. Kuma ta yaya zan riƙa buga haruffa masu lanƙwasa daidai?
*Wani marubuci, daga Katsina*

Malam, rubutunka bai lalace ba. Windows 3.1 da 95 da 98 suna aiki ne da teburin haruffa mai gurbi 256, wanda aka cika da haruffan Yammacin Turai. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Mafitar da masana suka samo a shekarun 1990, ciki har da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, ita ce zana salon rubutu na musamman inda aka ɗora haruffanmu a gurbin alamomin da ba a cika amfani da su ba. Ya yi wa ɗab'in Hausa babban aiki a lokacinsa. Sai dai a cikin fayil alamar ce ke ajiye, salon rubutun ne kawai ke nuna ta a matsayin ƙ. Da ka buɗe a kwamfutar da ba ta da shi, asalin ya bayyana.

NT kuwa tun farko bisa Unicode aka gina ta, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, haruffanmu na ciki. Gyaran dindindin shi ne ka mayar da rubutun can. Yi kwafin fayil ɗin tukuna. A Word danna Ctrl da H, ka maye } da ƙ, { da Ƙ, ] da ɗ, [ da Ɗ, ~ da ɓ, | da Ɓ. Wannan shi ne jerin da aka fi gani, amma ka gwada da kalma ɗaya ko biyu domin wasu salon sun bambanta. In akwai inda ka yi amfani da waɗannan alamomi a ma'anarsu ta asali, su ma za su sauya, sai ka bi su da ido. Daga nan ka zaɓi rubutun duka ka mayar da shi Times New Roman ko Arial. Sigoginsu na Vista zuwa yau suna da haruffan.

Don sabon rubutu, shiga Settings, Time & language, ka ƙara harshen Hausa, madannansa za su zo tare. Maɓallin Windows da Space ke sauyawa tsakanin harsuna. Riƙe Alt na hannun dama ka danna b, d ko k, ka haɗa da Shift don babban baƙi. Y ma haka, ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ. Idan a kwamfutar wani kake, Word na da wata hanya: rubuta 0199 ka danna Alt da X ya zama ƙ, 0257 ya zama ɗ, 0253 ya zama ɓ, manyansu 0198, 018A da 0181. Inda ake tuntuɓe shi ne idan harafin da ya zo kafin lambar a, b, c, d, e ko f ne, kamar a kalmar haɗa, domin Word zai ɗauke shi a matsayin ɓangaren lambar. Sai ka sa U+ kafin lambar. A Notepad kuma, wajen adanawa ka tabbata Encoding na kan UTF-8. In yana kan ANSI zai gargaɗe ka sau ɗaya, in ka wuce, haruffan masu lanƙwasa ba za su dawo ba.